Nonon da Lirwanu Ya Sha

Anka, Jihar Zamfara
Ranar Lahadi, cikin watan Safar

Zuwa ga Yayata Hure,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da sunan Allah na ɗauki alƙalami, ina roƙonsa ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da ɗanki Saminu da iyalinsa da duk wanda ke cin tuwo a gidanku na Sabo a Ibadan. Yaya gwiwar nan taki? Saminu ya ce kin daina shan maganin asibiti kin koma man shafawar da wata Bayarabiya ke haɗa miki. Ban yi mamaki ba, tun muna gida ba a taɓa ba ki magani kika shanye ba. Allah ya ƙara sauƙi, ya ja kwana, ya bar mana ke, don yanzu ke ce uwa ke ce uba a gare mu.

Mu nan muna lafiya gwargwadon hali. Damina ta yi kyau, gero ya fara fitar da kai, sai dai gonakin nesa ba kowa ke iya zuwa ba saboda mutanen daji. Tamu ta Nasarawa Burkullu bana ma ba a shuka ta ba. Makaranta mun yi hutu, ina gida ina fama da yara da awaki. Maigidana yana gaishe ki. Na san za ki ce me ya sa Rahina ta rubuto takarda alhali ga waya. Dalili biyu ne. Na farko, ke ba ki jin magana sai an buɗe murya, kuma duk ranar da na kira ki sai na ji jikokinki sun kewaye ki suna sa baki kamar ana sauraron wasan kwaikwayo a rediyo. Na biyu, maganar da ke tafe da ni ba ta shiga kunne biyu. Shi ya sa na yi rubutun manya-manya yadda za ki iya bi da karatunki na yaƙi da jahilci. Ki shiga ɗaki ki karanta da kanki, ko zai ɗauke ki yini guda. Kada ki ba Saminu, kada ki ba matarsa.

Yaya, auren ƙanenki Lirwanu da Sahura ne ke rawa, kuma ba faɗa suka yi ba. Da faɗa ne da ban dame ki ba. Kin san Ladi, babbar ɗiyarsu, ta zo wankan gida ta haifi namiji, ai na kira ki na yi miki albishir. To ranar suna ne abin ya faru. Zazzaɓi ya rufe Ladi tun da safe, nono ya ƙi zuwa sosai, yaro sai tsala kuka yake. Gida cike da mata, har da ’yan Gummi da ’yan Bukkuyum da suka yi ƙarfin hali suka biyo hanya. Sai wata maƙwabciyarsu mai goyo ta ce a miƙo shi ta ba shi nata ya yi shiru. Har an miƙa, sai malamar Islamiyyar su Ladi, wata yarinya mai natsuwa, ta ce ba laifi a ba shi, amma a riƙe abin a ka, a kuma gaya wa maza, domin daga ranar duk ’ya’yan matar nan sun zama ’yan’uwansa, waɗanda ta haifa da waɗanda za ta haifa nan gaba, ba aure tsakaninsu har abada.

Inna Zulai, mahaifiyar Sahura, tana zaune kan tabarma a bakin ɗakin mai jego tana ɓare goro. Sai ta yi dariya ta ce yaran zamani sun cika tsaurara abu. Ta ce ita tun tasowarta abin da ta sani shi ne, wanda aka sha tare da shi shi kaɗai ne ɗan’uwa, na baya ba ruwansu. Ta ce ba ga ta ba, ita ta shayar da Lirwanu tare da ɗanta Halilu lokacin da Innarmu ke kwance a Gummi, kuma da Sahura ta girma ta ɗauka ta ba shi, ga shi yau ana sunan jikansu, me ya same su? Da fara’arta ta faɗa, Yaya, kamar mai ba da labarin alherin da ta taɓa yi, kuma alherin ne. Ina tsaye da tiren waina a hannuna. Tsakar gidan nan ta yi tsit, kukan jaririn kawai ake ji. Malamar ta sunkuyar da kai. Sahura tana bakin murhu tana tuƙa tuwo, na ga ta zare muciya ta jingine ta da bango, ta wanke hannu ta shige ɗaki. Wata ce ta ƙarasa tuƙin. Kafin la’asar mata sun watse, kowa da abin da za ta kai gida.

Ni dai abin da na tashi na ji a gidanmu daban ne, kuma daga bakinki na fi jin sa. Cewa aka yi da aka haifi Lirwanu ciwon nono ya kama Inna, aka tafi da ita Gummi wajen dangi neman magani, aka bar jariri a hannun maƙwabciyarmu Inna Zulai, aka bar ki tare da shi kina reno, lokacin ba ki fi shekara goma sha biyu ba. Ke kika sha ba mu labarin yadda kike sammako da ’yar ƙwarya zuwa rugar Fulanin da ke hanyar Gwashi ki karɓo madara, a dafa a ba shi da ɗan ludayi. Ba don haka muke kiransa Maraƙi ba har ya yi gemu? Ban taɓa jin an ce ya kama nonon mutum ba. Inna ba ta faɗa ba har ta koma ga Allah, Baba ma haka. To amma su biyun ba sa nan lokacin, suna Gummi.

Washegari Lirwanu ya je ya durƙusa gaban Inna Zulai ya tambaye ta a hankali. Da ta gane abin da maganarta ta jawo sai ta rikice. Da farko ta ce eh ta ba shi, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, duk ranar da madara ta yi tsami ko ruwan sama ya hana ki zuwa ruga. Da ta ga fuskar Sahura sai ta ce wataƙila ba Lirwanu ba ne, wataƙila wani yaron ne na gidan Sarkin Noma, shekaru sun yi nisa. Bayan kwana biyu kuma ta kira ni da kanta, tana kuka, ta ce ita ba za ta je kabari da ƙarya ba, shi ne. Yanzu ko abinci sai an lallashe ta. Kullum cewa take ita ta rusa gidan ɗiyarta da bakinta, da ta sani da ta bar goron nan ya toshe mata baki. Tausayi take ba ni ƙwarai, don ba ta ɓoye komai ba, abin da ta ɗauka daidai ne ta yi, kuma haka tsofaffin garinmu da yawa suka ɗauka.

Daga nan fa kowa ya zama malami. Kawu Nuhu ya taso daga Gummi a kan babur, da tsufansa da hawan jininsa, ya iso yana huci. Kin san shi ya karɓa wa Lirwanu auren. Ya ce shi bai ga dalilin da za a tayar da auren shekara ashirin da bakwai, mai ’ya’ya bakwai da jika, saboda maganar tsohuwar da ke neman carbinta alhali yana wuyanta ba. Ya ce ranar ɗaurin aure liman ya tambaya ko akwai mai magana, garin nan kaf ba wanda ya yi tari, ita ma Zulai tana cikin gida tana rabon goro. Ya ce abin da Allah ya rufe shekara da shekaru bai kamata mutum ya sa hannu ya tone ba, kowa ya kama bakinsa, a ci gaba da zama. Halilu, yayan Sahura, yana bayansa. Shi har cewa ya yi in Lirwanu ya gaji da ƙanwarsa ne ya fito fili ya faɗa, ba sai an laɓe bayan nono ba. Wannan magana ta yi wa Lirwanu ciwo, don kin san shi da Halilu tare suka yi wasan ƙasa, ko sa’insa ba su taɓa yi ba.

A ɗaya gefen kuma ga Kamaluddeen, ɗan Lirwanu da Sahura da ke karatu a Sakkwato. Yana jin labari ya baro makaranta ya taho. Yaron nan da na yi wa tsarki da hannuna, shi ne ya zaunar da ni yana karanto mini Larabci. Ya ce malamansa sun ce idan wadda ta shayar ta faɗa da bakinta, maganarta ita kaɗai ta isa, a rabu nan take, kuma duk kwanan da aka ƙara bayan an sani alhaki ne. Kawu ya ce masa mara kunya, ɗan da ke neman raba uwarsa da ubansa. Na so in taya Kawu faɗa, har na buɗe baki, sai na dubi yaron na ga idanunsa sun yi ja. Ba taurin kai ba ne, Yaya, tsoro ne. Daga baya ya same ni a bayan gida ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, su yanzu mene ne matsayinsu, shi da ƙannensa. Ban san lokacin da na rungume shi ba, ƙato da shi.

Da gardama ta ƙi ƙarewa sai Lirwanu ya ɗauki Kawu da Halilu da Kamaluddeen suka tafi wajen Malam Abdussalam, wanda ke karantar da littattafan fiƙihu a zaurensa nan Anka. Maigidana ya raka su, shi ya kawo mini yadda aka yi. Abu na farko da Malam ya fara kashewa shi ne maganar yara. Ya ce ’ya’ya ’ya’yan halal ne, na ubansu ne, suna gadonsa, domin an yi auren ne bisa rashin sani, kuma duk wanda ya jefe su da wata kalma shi da Allah. Ya ce malamar nan gaskiya ta faɗa, wadda ta shayar da yaro uwarsa ce, ’ya’yanta duka ’yan’uwansa ne, na gaba da na baya. Game da shaida kuma ya ce malamai sun saɓa, abin da Kamaluddeen ya faɗa akwai masu wannan fahimta, amma a littattafan da shi ya karanta, kuma alƙalan ƙasar nan ke bi, ba a rushe aure da maganar mace ɗaya, balle wadda ta faɗa ta janye ta sake faɗa, ko da yake nisantar abin ya fi tsarki ga mai tsoron Allah. Sai ya tambaya ko akwai wani mai rai da ya zauna a ɗakin nan a wancan lokaci ya gani da idonsa. Idan akwai, kuma maganarsa ta zo daidai da ta tsohuwa, to ba sauran zancen ra’ayi, sai a tafi gaban alƙali ya duba ya yanke. Lirwanu ne ya ɗago kai ya ambaci sunanki.

Kin ga inda maganar ta biyo ta iso ƙofarki. Mun lissafa mutanen gidan nan ɗaya bayan ɗaya, mijin Inna Zulai ya rasu, uwar mijinta ta rasu, matar da ke ba ki madara ba wanda ya san inda suka yi ƙaura. Ke kaɗai kika rage.

Bari in gaya miki halin da gidan yake ciki, don kada ki ɗauka abu ne da zai jira sai kin zo da Babbar Salla. Tun ranar da suka dawo daga wajen Malam, Lirwanu ya kwashe ’yan kayansa ya koma shagon injin niƙansa, can yake kwana a kan buhuna. Ba wanda ya ce ya yi haka, shi ya ce zuciyarsa ba za ta natsu ba sai an san matsaya. Ya rame, wuyan rigarsa har ya yi masa yawa. Rannan wata mata ta kai niƙan dawa ya juye mata a cikin garin masarar wata, mutumin da bai taɓa haɗa kwanon wani da na wani ba. Sahura kuma tana nan tana dafa masa abinci kamar kullum, ta zuba a kwanonsa ta ba yara su kai. In ya shigo da rana duba mai jego, sai ya tsaya a zaure ya yi sallama kamar baƙo, ita kuma ta jawo hijabi ta saka. Na ce mata ke Sahura, in mijinki ne ba ki buƙatar hijabi, in ɗan’uwanki ne ma ba ki buƙata, to wa kike rufe wa jiki? Ta ce ita ma ba ta sani ba, kunyarsa kawai take ji yanzu, irin wadda ba ta ji ba ko tana amarya. Na yi niyyar tsokana ce in ba ta dariya, sai ga mu mu biyu muna share hawaye.

Gari kuma ba a magana. A bakin rijiya, a wajen niƙa, har cikin masu wankin zinari da ke zuwa sayen abinci a unguwarsu, kowa da fatawarsa. Masu cewa a bar su sun fi yawa, amma da na lura sai na ga tausayi ne ke magana ba sani ba. Masu cewa a raba kuma wasunsu har da wani jin daɗi a muryarsu, kamar dama jira suke. Ƙaramar ɗiyar Sahura ta daina zuwa Islamiyya saboda wata yarinya ta tambaye ta wai da gaske ne babanta kawunta ne.

In kin tambaye ni nawa ra’ayin, wallahi ba ni da guda ɗaya tsayayye. Da safe ina tare da Kawu, da yamma ina tare da Kamaluddeen. Ina tsoron Allah, ba na son ɗan’uwana ya zauna cikin abin da bai halatta ba ko na yini guda. Amma kuma Sahura ce fa. Ita ta yi jinyar Inna shekara biyu lokacin ke kina Ibadan ni ina makarantar horon malamai, ita ke juya ta, ita ke wanke ta. Da aka tashe su daga Nasarawa Burkullu suka iso Anka da kayan jikinsu kawai, ƙosai ta soya a bakin titi har Lirwanu ya sake tsayawa da ƙafarsa. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa jin ta kai ƙararsa wajen kowa ba, shi ma bai taɓa ɗaga ido ya dubi wata ba, har abokansa na yi masa tsiya. Mace mai shekara arba’in da biyar, ina za ta fara? Ta koma gidan Halilu a Bukkuyum ta zauna ’yar kallo? Shi kuma wa zai iya da shirunsa in ba ita ba?

Kafin Kawu ya koma Gummi ya ja ni gefe. Ya ce tunda ni ce mai rubutu, in rubuta miki in ce ki ce kin manta. Ya ce yarinya ’yar shekara goma sha biyu, bayan shekara hamsin, wa zai zarge ta in ta ce ba ta tuna ba? Kalma ɗaya ce, gida ya tsaya. Ba zan ɓoye miki ba, maganar ta kwanta mini, har na fara tsara yadda zan faɗa miki ita a fakaice. Sai na yi wautar gaya wa Sahura, ina zaton zan sanyaya mata rai. Tana tsintar shinkafa a faranti, ba ta ko ɗago ba. Ta ce in na rubuta haka ba ta yafe mini ba. Ta ce ita tana son mijinta, ba ta jin kunyar faɗa a gabana, kuma in aka raba su ba ta san yadda za ta yi ba. Amma zaman da za ta yi tana kallonsa tana tunanin ko Yaya Hure tausayinta ta ji, wannan ba aure ba ne, ta gwammace a yanke mata sau ɗaya. Ta ce in gaya miki kada ki dubi ’ya’yanta, kada ki dubi jinyar Inna, ki dubi abin da idonki ya gani kawai. Da na kai wa Lirwanu wannan magana a shago, ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, sannan ya ce shi ma haka.

To Yaya, ga abin da ake nema a wurinki. Ki zauna ki natsu, ki yi salla ki roƙi Allah ya buɗe miki abin da ya shige. A watannin da kika yi a ɗakin Inna Zulai, kin taɓa ganin ta sa Lirwanu a nono da idonki? Ba abin da kika ji an ce ba, ba abin da kike zato ba. Ranakun da ruwa ya hana ki zuwa ruga, me aka ba shi? In kin gani, ki ce kin gani. In ba ki gani ba, ki ce ba ki gani ba. In kuma da gaske kin manta, to ki ce kin manta, amma ya zama mantuwar Allah da Annabi ce ba ta Kawu ba. Ba wanda zai ga laifinki a kan shirun da kika yi a baya, don in ma kin gani, na san abin da Inna Zulai ta ɗauka shi kika ɗauka. Na san na ɗora miki kaya mai nauyi, kina zaman lafiyarki. Ki yafe mini, ba ni da wata yayar sai ke.

Gwadabe direba, wanda zai kawo miki takardar nan, zai sauke wake ya juyo cikin mako. In kin iya rubutawa ki ba shi, ko layi biyu ne, ki liƙe da kyau. In kin fi son faɗa da baki, ki sa Saminu ya kira maigidana, a kori yara, shi zai kai wayar zauren Malam Abdussalam ki yi magana a gaban shaidu. Ko wanne kika zaɓa, don Allah kada ki ja lokaci. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gidan nan sai gaban mutum ya faɗi.

Ki gaishe mini da Saminu da matarsa, da Shamsu da sauran jikoki, ki ce Kakarsu ta Anka tana sa musu albarka. Kawu Nuhu yana gaisuwa, ko da yake bai san abin da na rubuta ba. Ladi ta ji sauƙi, nono ya zo, yaro yana ta ƙiba. Kamaluddeen ya ce ki sa shi a addu’a. Lirwanu ya ce in gaishe ki, na jira ko zai ƙara wani abu, bai ƙara ba. Sahura tana nan zaune kusa da ni ina wannan rubutu, ita ma tana gaishe ki. Na tambaye ta yadda zan sa, in ce matar ƙanenki ko in ce ƙanwarki. Ta ce in rubuta Sahura kawai, sauran ke za ki cika.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon ɗaukarta. Wassalam.

Taki ƙanwa,
Rahina